Waiwaye: rigakafin da ke tare cuta tun daga bakin ƙofa

Kwalara da taifot ta baki suke shiga, cikin ruwa ko abinci. Ƙwayar sanƙarau kuwa a maƙogwaro take fara zama, ta samu hanya lokacin hunturu da bazara, sa'ad da ƙura ta busar da hanci. Amma yawancin rigakafin da ake yi wa yaranmu a gidajen likita na Damagaram allura ce a cinya ko dantse, wadda ke tara garkuwa cikin jini. Duk wanda ya san dalilin da ya sa Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa zai gane damuwar masana: tare maƙiyi a ƙofa ya fi a bar shi sai ya shigo tsakar gida.

Tunanin ba da rigakafi ta hanyar da cuta ke shiga, kamar ta baki, ya haura shekara ɗari. Rigakafin tarin fuka na BCG, wanda yau ake yi wa jarirai a hannu, ta baki aka fara ba da shi a birnin Faris a 1921. A 1930 aka samu mummunan kuskure a garin Lubek na Jamus, inda aka gauraya maganin da ƙwayar cutar mai ƙarfi, jarirai fiye da 70 suka rasu. Daga baya duniya ta karkata ga allura. Ita ma kwalara allura aka daɗe ana yi mata tun ƙarshen ƙarni na 19, sai dai kariyarta 'yan watanni ce, ga zazzaɓi da kumburin hannu, har aka watsar da ita.

A shekarun 1960 ne Thomas Tomasi da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa miyau, majina, hawaye da nonon uwa suna ɗauke da wani sinadarin garkuwa na musamman, wanda ake kira IgA. Aikinsa shi ne ya manne wa ƙwayar cuta da dafinta, ya hana su kama bangon hanji ko maƙogwaro. Allura ba ta cika tayar da shi sosai ba; sai magani ya bi ta hanyar da cutar ke bi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa dakashi, wanda wasu iyaye ke matsewa su zubar, bai kamata ya kuɓuce wa jariri ba.

Daga nan aiki ya kankama. An gwada rigakafin taifot na haɗiya, Ty21a, a kan 'yan makaranta a Iskandariya ta Masar. A 1985 aka yi babban gwajin rigakafin kwalara na sha a Matlab ta Bangaladash, wanda ya haifar da rigakafin da ake kira Dukoral. Shi dai yana da tsada, kuma sai an dama shi da ruwa mai yawa. Wani rigakafin kwalarar, Shanchol na Indiya, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011, ya zo a 'yar kwalba, kurɓi guda, kuma a Kalkata kurɓi biyu sun ba da kariyar kusan kashi 65 cikin 100 har shekara 5. A 2013 aka kafa rumbun ajiyarsa na duniya.

Darasin sanƙarau ya fi kusa da mu. MenAfriVac, rigakafin sanƙarau nau'in A da Nijar ta fara amfani da shi a 2010 tare da Mali da Burkina Faso, allura ce, amma ƙarfinta ya kai har maƙogwaro. A Chadi an ga yawan masu yawo da ƙwayar nau'in A a maƙogwaro ba tare da ciwo ba ya ragu da kashi 98 cikin 100. Abin da ya karya nau'in A ke nan, domin wanda aka yi wa ya daina ɗaukar wa maƙwabcinsa. Sai nau'in C ya cike gurbin: ya addabi Yamai a 2015, sannan daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 aka ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau da rasuwar 18 a jihar Damagaram, Dungas ce ta fi jin jiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rigakafin baki ya fi rauni a jikin yaran da suka fi bukatarsa. Hanjin da tamowa, tsutsar ciki da yawan gudawa suka gajiyar ba ya amsa magani yadda ya kamata, kuma a jikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kariyar rigakafin kwalara ta fi saurin gushewa. A garin da mata ke kwana layin famfo, wasu na sayen ruwan da ba su san daga ina aka ɗebo ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga shi kuma maganin bai wadata ba: a Oktoban 2022 masu kula da rumbun duniya suka koma ba da kurɓi ɗaya maimakon biyu lokacin annoba, shekara guda bayan kwalarar 2021 da ta ratsa Maraɗi da Damagaram.