Waiwaye: Daga Samaru Zuwa Rumfar Mai Maganin Feshi

Idan tsutsa ta faɗa wa masara a yau, a yawancin ƙauyukanmu manomi ba ya ma tunanin neman malamin gona. Ganyen da ta ci zai tsinko ya sa a aljihu, ya jira ranar kasuwa, ya kai wa mai rumfar maganin feshi. Shi zai jujjuya ganyen, ya miƙo kwalba, ya ce murfi kaza a tanki ɗaya. Wani sa'in a dace, wani sa'in kuma kwalbar da ta yi kwantai ce ta samu mai saye. Amma dattawan da suka yi noma a shekarun 1980 suna tuna wani ma'aikaci da kan zo a kan babur, a ranar da kowa ya sani, ya shiga gona har takalminsa ya ɗauki laka. Yadda ya zo da yadda ya ɓace labari ne da ya haura shekara 100.

Tun kafin zuwan Bature noma yana da makarantarsa, ofis ne dai ba shi da shi. Yaro kan tashi a gandun ubansa, in ya fara ƙarfi a yanka masa gayauna ya gwada hannunsa. A wurin gayya ake ganin yadda wane yake huɗa, a kuma ji irin geron da ya yi wa wane kyau bara. Ga Sarkin Noma, wanda maganarsa ke da nauyi saboda damman da ke rumbunsa. A kewayen Kano jakuna kan yi ta jigilar taki daga birni a cikin mangala, shi ya sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a hutar da ita ba.

Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen aikin gona na Arewa a 1912, kuma ba don cika rumbun talaka ba. Masaƙun Ingila ne ke yunwar auduga. Ƙungiyar da masu masaƙu suka kafa a Manchester a 1902 ta sa rai cewa da zarar layin dogo ya iso Kano, auduga za ta yi ta kwarara zuwa teku. Layin ya iso a 1911, sai manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗin biyan haraji, ga harawa ta dabbobi, ga ƙuli-ƙuli. Sai suka rungumi gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakani, har aka kai ga dalar gyaɗa. Babu malamin gonar da ya koya musu wannan.

A 1922 aka fara aikin binciken noma a Samaru ta Zariya, kuma daga wannan tushe aka riƙa yaye malaman gona na farko. Sai dai malamin gona na wancan zamani da rigar hukuma yake zuwa. A ƙarƙashin En'e yake, ta hannun hakimi da dagaci yake isar da saƙo, saƙon kuma umarni ne: ga irin auduga da aka kawo daga Amurka, shi za a shuka, in an gama cira a tuge karan a ƙone, a kai kaya kasuwar da hukuma ta ware. Wasu dokokin suna da hujja, domin ƙone karan na rage ƙwarin baɗi. Amma wanda ya zo yana auna gonarka yana rubutawa a takarda, a garin da ake karɓar haraji da jangali, da wuya ka saki jiki da shi. Da dare kuma motar majigi kan zo ƙofar fada ta nuna yadda manomin kirki yake yi.

Abin da ya kama ƙasa daga wancan lokaci shi ne garmar shanu. An fara shirin a 1928 da manoma 'yan ƙalilan: En'e ta ba mutum bashin bijimai biyu da garma, ya biya a hankali. Turawan sun tsara abin da faɗi, a ɗaure shanu a gida, a tara takinsu, a noma musu ciyawa, a riƙa juya shuka. Manoma suka ɗauki garmar, suka yi huɗa da ita, suka shiga yi wa maƙwabta aikin kuɗi, mafi yawan sauran sharuɗɗan kuwa suka bar wa mai su. Har gobe bijimai biyu da garma jari ne a Katsina da Jigawa da Gombe.

Bayan samun 'yancin kai, cibiyar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe wani sashe da aikinsa shi ne ɗauko sakamakon bincike ya mayar da shi maganar da manomi zai gane, ta ƙasidu da hotuna da shirye-shiryen rediyo da Hausa. Shi ne ya girma ya zama NAERLS a 1987. Duk da haka wata tambaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: me ya sa manoma ke jin shawara su ce to, su koma su ci gaba da abin da suka saba? Amsar da ta fi sauƙi a ofis ita ce taurin kai da jahilci.

Wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa suka bi wata hanyar daban. Daga tsakiyar shekarun 1960 suka zauna da mutanen ƙauyukan Zariya, irin su Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suna rubuta aikin da kowane gida ke yi da abin da yake girba. Sai ga shi haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon ci-baya, ya fi shuka iri guda riba idan aka auna da wahalar da aka sha a lokacin da aiki ya fi tsanani, kuma in damina ta yi gardama ba a tashi hannu rabbana. Haka batun auduga. Masana na cewa a shuka ta da wuri, a watan Yuni, kuma a gonar gwaji gaskiyarsu ce. To amma Yuni ne lokacin noman farko na gero da dawa, kuma magidancin da ke da hannaye huɗu ko shida ba zai bar tuwon gidansa ciyawa ta cinye don auduga ba. A ganina nan ne aka fara gane cewa masanin bincike ma yana da abin koyo a wurin mai fartanya, ko da yake an daɗe ba a yi aiki da ganewar ba.

Shekarun 1970 sun zo da fari mai tsanani a 1973, sannan annobar cutar gyaɗa ta 1975 da ta durƙusar da nomanta, ga kuɗin man fetur na jan matasa zuwa birni. Kowace gwamnati ta fito da nata take: Gowon da shirin hanzarta samar da abinci a 1972, Obasanjo da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari da juyin noma a 1980. Sun yi amo a rediyo. Amma abin da ya taɓa ƙauye da gaske shi ne shirin raya aikin gona na ADP da aka fara da bashin Bankin Duniya a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya ya bazu jiha-jiha, kamar hukumar KNARDA a Kano. An fasa hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da iri da taki, an ɗauki malaman gona da yawa aka ba su babura.

A shekarun 1980 aka ɗora su kan tsarin horo da ziyara, wanda wani masani mai suna Daniel Benor ya tsara wa Bankin Duniya. Kowane malami yana da yankinsa, an kasa shi rukuni takwas, kowane rukuni da ranar da zai je masa sau ɗaya a mako biyu. Duk mako biyu kuma shi kansa ya koma a ba shi horo kan aikin da ke tafe, in lokacin sa taki ne a yi maganar taki, in na feshi ne a yi ta feshi. Duk wata ƙwararru su zauna da masu bincike. Wannan shi ne malamin da dattawa ke tunawa. A wannan zamani ne masara ta fito daga bayan gida, inda a da ake shuka 'yar kaɗan don gasawa, ta mamaye gonakin Funtua da Giwa da Saminaka, da taimakon irin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar. Tuwon masara da yanzu ake ganin kamar da shi aka halicce mu, a gidaje da yawa bai girmi wannan lokaci ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba wa'azi kaɗai ya tara jama'a ba. Takin zamani a lokacin gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa, masara kuwa ba ta yi sai da taki, malamin gona kuma shi ya san hanyar samunsa. Manoman da ake zaɓa a koya musu don su koya wa saura, sau da yawa masu hali ne da na kusa da fada. Mata kuwa, da su ke kiwon awaki da kaji, su ke sussuka da surfe da matsar mai, an daɗe ba a sa su a lissafi ba, domin malamin namiji ne, iyakarsa zaure. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a cikin shirin, aka fara tura malamai mata cikin gidaje.

Tsarin yana da tsada, kuma da kuɗin aro ake tafiyar da shi. Da bashin Bankin Duniya ya ƙare a tsakiyar shekarun 1990, nauyin ya dawo wuyan jihohi. Albashi ya ci gaba da fita, kuɗin mai da na horo suka tsaya. Babura suka tsufa, masu su suka yi ritaya, ba a ɗauki madadinsu yadda ya kamata ba. Ba wanda ya fito ya ce an rufe aikin malaman gona. Ya dai yi ta ramewa har aka kai ga malami ɗaya yana da manoma dubbai a wuyansa.

Abubuwan da suka yi tasiri bayan nan kusan duk salonsu ɗaya ne, a nuna wa mutum da idonsa. Ƙungiyar Sasakawa, wadda masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ke cikin jagororinta a lokacin, ta shigo Najeriya a 1992 ta fara da Kano da Kaduna. Ba ta kai manomi gonar gwamnati ba. A gonarsa ake yankar rubu'in hekta, shi zai yi aikin da hannunsa: ƙwaya ɗaya a rami, tazarar santimita 25, a binne taki maimakon a watsa. Maƙwabta na wucewa suna gani, har sunan ƙungiyar ya zama sunan salon shukar a bakin manoma. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban ruwa, noman rani ya ƙara bazuwa nesa da bakin madatsa. Buhun adana wake mai ledoji biyu a ciki, wanda ya samo asali daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka da masanan Kamaru a Marwa, an fara yaɗa shi a 2007 da wata dabara mai sauƙi: a cika buhu a gaban jama'a a ɗaure, bayan watanni a sake tara su a kwance, kowa ya sa hannu ya ga babu ƙwaro kuma babu magani. A ƙasar Maraɗi ma, inda aka daɗe ana koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankali a 1983 kan a bar kututtura su tofo a riƙa gyara su. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci abin ya yaɗu har ya kai miliyoyin hekta.

Manyan shirye-shiryen tarayya na baya-bayan nan kuwa sun fi karkata ga kaya da kuɗi. A 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, aka riƙa tura wa manomi saƙo ta wayar salula ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. A 2015 Buhari ya ƙaddamar da bashin manoma na Babban Banki a Kebbi. A 2016 shirin N-Power ya tura matasa masu digiri aikin malaman gona na wucin gadi, wa'adinsu ya cika suka watse. Taki da bashi suna da amfani, amma ba su gaya wa mutum sunan ƙwaron da ke cin gonarsa.

An ga wannan giɓin ƙuru-ƙuru. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a jikinsa, irin wanda ake barbaɗawa a rumbu da shago ba tare da awo ba. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar dai aka fara ganin sabuwar tsutsar masara da ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, wadda ke ɓuya a cikin zuciyar shuka inda feshin sama-sama ba ya kai mata. Manoma da dama sun yi ta ninka magani, wasu suna gauraya kala biyu ko uku.

Rediyo na nan yana ƙoƙari, matasa na ɗaukar hoton ganye su tura zaurukan WhatsApp da Facebook, a samu amsa goma masu karo da juna. Samaru na ci gaba da fitar da sababbin iri na masara da wake da dawa, wasu masu jure fari, wasu masu jure ƙuduji. Wasu ƙungiyoyi kuma sun karɓi abin yadda yake, sun koma suna tara masu rumfunan magani da masu feshin haya suna ba su horo kan awo da kariyar jiki, tunda su ne manomi ke iya samu ranar kasuwa.