Mene ne aikin jami'in kare bayanai?

Jami'in kare bayanai shi ne mutumin da kamfani ko ma'aikata ke naɗawa don ya sa ido a kan yadda ake tattara bayanan jama'a, da inda ake adana su, da wanda ake miƙa wa. Bayanan sun haɗa da suna, lambar waya, lambar NIN, BVN, hoton yatsa da tarihin lafiya. A taƙaice ana kiransa DPO, amma ba DPO na caji ofis ba.

A Najeriya muƙamin ya samu gindin zama ne da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kuma kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC. Sashe na 32 ya wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a masu yawa, irin su bankuna da kamfanonin waya, su naɗa jami'in. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 ake da ita a sanar da hukumar. Tarar manyan kamfanonin da suka karya dokar tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Inda aikin ke zafi shi ne ranar da takarda ta iso daga jami'an tsaro ana neman bayanan wani. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tilasta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirgar kira da na masu layi har shekara 2. Wato wa ya kira wa, ƙarfe nawa, daga wane yanki. Sauraron abin da aka faɗa kuwa, ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) na 2019 sun ce sai da sammacin alƙali, in ban da halin gaggawa, nan ma sai a nemi sammacin cikin awa 48.

Don haka ƙwararren jami'i ba ya cewa to ko a'a nan take. Yana duba wace hukuma ce ta rubuto, wa ya sa hannu, wane sashen doka aka dogara da shi, da ko abin da ake nema yana buƙatar umarnin kotu. Idan kiran mako guda aka tambaya, na mako guda zai bayar, ya rubuta a rajista abin da ya fita da wanda ya karɓa. Akasarin ɓarnar daga ƙasa take farawa: wani ya shigo da kaki ya yi magana da baki, ƙaramin ma'aikaci ya tsorata ya buga masa komai. Ranar da mai layin ya kai ƙara, babu takardar da za a nuna.

Dokar ba ta ce sai lauya ba, ƙwarewa a dokokin kare bayanai ta nema. Duk da haka lauya yana da fifiko a ganina, domin rabin aikin karatun sassan doka ne. Bayan digirin shekara 5 da Makarantar Horar da Lauyoyi, kamar reshen Bagauda a Kano, sai a ƙara da takardar ƙwarewa ta NDPC ko ta IAPP, ƙungiyar ƙwararru kan sirrin bayanai ta duniya, a fara da ɗaya daga cikin kamfanonin da hukumar ta ba lasisin binciken bin ƙa'ida. Wanda bai san yadda rumbun bayanai na kwamfuta ke aiki ba, injiniyoyi za su faɗa masa abin da suka ga dama ya sa hannu, don haka koyon wannan ɓangaren dole ne tun daga farko.