Homon da aka haɗa miki ke kaɗai bai fi aminci ba

Tun 2002, da wani babban bincike a Amurka ya tsorata mata game da maganin homon (sinadarin da jiki ke samarwa) na ɗaukewar al'ada, aka shiga yayin wanda kantin magani ke haɗa wa mace ita kaɗai, wai shi ne na asali tunda daga doya da waken suya yake. To, na kamfani ma da yawa can ne tushensu. Bambancin kawai, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta tantance haɗin kanti, kuma awonsa kan saɓa. Gwajin yawun da ake dogara da shi wajen tsara awon kuwa ba hujja ba ne, don homon na hawa da sauka a yini guda. In firojestaron, homon da ke kare mahaifa, ya gaza a haɗin, ɗayan homon, istirojin, na iya kaurara bangon mahaifa har ta kai ga sankara.