Azurest South

Azurest South gida ne marar bene da ke Ettrick a jihar Virginia ta Amurka, a harabar Jami'ar Jihar Virginia. Amaza Lee Meredith (1895–1984) ce ta zana shi, aka kammala ginin a 1939, ta zauna a ciki tare da Dokta Edna Meade Colson, wadda ita ma malama ce a jami'ar. Meredith malamar zane ce, ita ta kafa sashen koyar da zane a jami'ar. A zamaninta matan Baƙar fata masu zanen gini a Amurka ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa gidan yake da daraja duk da ƙanƙantarsa. An sa shi a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1993, kuma yanzu yana hannun ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'ar.

Da bulon siminti aka gina shi, aka yi masa farin shafe, ba ado a jikin bango. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne, ana hawa a sha iska, wasu kusurwoyin kuma a lanƙwashe suke, an jera musu bulon gilashi.

Ruwa shi ne babban abokin gabar irin wannan gini. Rufin ba shi da baki mai kare bango, don haka duk ruwan da ya kwanta sai ya nemi hanyar shiga. Ana so rufin ya ɗan karkata zuwa indararo, kamar santimita 2 a kowace mita. Ganye kaɗan ya isa ya toshe magudana. Idan ruwa ya ratsa tsagar shafe, sanyin hunturu ya daskarar da shi, sai ya kumbura ya ƙara buɗe tsagar, shafen ya fara ɓanɓarewa. Ƙarfen da ke cikin bango ko jikin taga shi ma idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, har ya fasa siminti da gilashi.

Saboda haka daga sama ake fara gyara. Sai an tsayar da yoyo, bango ya bushe, kafin a taɓa shafe. Yin fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓarnar kuɗi ce, musamman fentin da ba ya barin danshi ya fita. Sabon shafe kuma kada ya fi na asali ƙarfi, in ba haka ba sai tsohon ya tsage a gefen facin.

Ƙa'idar adana gine-ginen tarihi a Amurka ta fifita gyara a kan sauyawa. Bulon gilashin da bai fashe ba a wurinsa ake barinsa, simintin tsakani kawai ake sabuntawa. Kafin a kankare fenti ana ɗaukar ɗan ɓarɓashi a duba shi da madubin ƙara girma, don a gano launin da Meredith ta zaɓa tun farko, a kuma gwada ko akwai dalma, domin sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka.