Murmurewa bayan tiyatar laparoskofi ta cutar endometiriyosis

Endometiriyosis cuta ce da wata tsoka mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a inda ba muhallinta ba: a kan ma'ajiyar ƙwai, da bututun ƙwai, da bayan mahaifa, da tantanin da ya lulluɓe mara, wani lokaci har kan hanji da mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke cikin shekarun haihuwa, kimanin mata miliyan 190 ke nan. Alamominta su ne matsanancin ciwon mara lokacin al'ada, da zafi wajen saduwa ko bayan gida, da jinkirin samun ciki. Laparoskofi kuwa tiyata ce da ba a tsaga ciki, ana yin ta ne ta 'yan ƙananan huji, kuma ita aka fi amfani da ita wajen tabbatar da cutar da cire ta. Tsawon jinyar da ke biyo baya ya dogara ne kan yawan aikin da aka yi a can ciki, wanda girman hujin da ke kan fata ba ya nunawa.

Yadda ake aikin

Ana sa mace barci gaba ɗaya, sannan a hura mata iskar kabon dayoksaid a ciki domin bangon cikin ya ɗaga daga kan hanji, likita ya samu sararin gani. Ta cibiya ake zura siririn bututu mai kyamara, a ƙara huji biyu ko uku a ƙasan mara domin kayan aiki. Kowane huji bai cika wuce rabin santimita zuwa santimita ɗaya da rabi ba. Likitan Suwidin Hans Christian Jacobaeus ne ya fara gwada wannan dabara a kan ɗan Adam a 1910, daga baya Raoul Palmer a Faransa da Kurt Semm a Jamus suka kafa ta a fannin lafiyar mata.

Tsiron cutar ana ƙona shi da wutar lantarki ko hasken lesa, ko kuma a yanke shi tun daga tushe a aika ɗakin gwaji. Idan gaɓoɓi sun manne da juna a raba su. Idan akwai ƙullutu mai tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai a ɓare shi. Likitoci na kasa cutar mataki huɗu, daga na ɗaya mai sauƙi zuwa na huɗu mai tsanani, sai dai matakin ba ya nuna yawan azabar da mace ke sha. Ana samun mai mataki na ɗaya da ciwo ya hana ta sakat, mai na huɗu kuma ba ta ma san tana da cutar ba.

Ranar farko

Mace takan farka da jiri, da tashin zuciya, da kaikayin maƙogwaro saboda bututun numfashi da aka sa mata. Kafin a sallame ta ana so a ga ta sha ruwa bai dawo ba, ta taka da ƙafarta, ta kuma yi fitsari. Akasari a ranar ake komawa gida ko washegari. Wadda aka taɓa mata hanji, ko mafitsara, ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, takan yi kwanaki a asibiti, wani lokaci da robar fitsari. Cikin awa 24 na farko maganin barcin bai gama sakinta ba, don haka ba ta tuƙi, ba ta sa hannu a muhimmiyar takarda, kuma ana so wani babba ya kwana tare da ita.

Abin da ya fi ba mata mamaki shi ne ciwon kafaɗa, galibi ta dama, alhali ba a taɓa wurin ba. Ragowar iskar da aka hura ce ke taruwa a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wannan tantani kuma tushenta ɗaya a wuya da jijiyoyin kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga kafaɗa zafin yake. Jiki na shanye iskar da kansa cikin kwana biyu zuwa uku. Tattaki a hankali da ɗumama kafaɗar suna rage shi. Kumburin ciki shi ma daga nan yake, ko da yake yakan fi ciwon kafaɗar jimawa.

Makon farko da na biyu

Farasitamol da ibuprofen, idan aka sha su a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, sukan wadatar da mafi yawan mata. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ta shan ibuprofen da danginsa sai da izinin likita. Magunguna masu ƙarfi irin su kodin da tiramadol na 'yan kwanaki ne kawai, kuma suna ɗaure ciki. Ɗaurewar ciki ba ƙaramar matsala ba ce ga wadda aka yi wa aiki a bayan mahaifa, domin yunƙuri a bayan gida yana taɓa daidai inda aka yanka. Shan ruwa sosai, da ganye, da 'ya'yan itace kamar gwanda da lemo suna taimakawa, in ta kama a ƙara da maganin sassauta ciki.

Hujin ana rufe shi da zaren da ke narkewa da kansa, ko gam na musamman, ko zaren da ake cirewa bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ana iya wanka bayan awa 24, a tsane wurin da tsaftataccen ƙyalle ba tare da gurzawa ba. Na cibiya ya fi saurin ruɓa saboda lungu ne mai riƙe gumi. Gasa ciki da ruwan zafi irin na masu jego, da ɗaure shi tamau da zane, da shafa wani magani a kan ɗinki, duk ba su da wuri a nan. Masu baƙar fata sun fi fuskantar tabo mai tudu, saboda haka wadda ta san jikinta na yin irin wannan tabo ya kamata ta faɗa wa likita tun kafin aiki.

Ɗigon jini na 'yan kwanaki ta gaba ba abin tsoro ba ne, sau da yawa daga ƙarfen da aka sa don juya mahaifa lokacin aiki yake. Auduga ake sawa, ba a cusa komai ciki.

Gajiya ce aka fi rainawa. Da dangi suka ga filasta uku ko huɗu a ciki, sai su ɗauka ƙaramin abu ne, ita ma mai jikin ta fara jin kunyar kwanciya. Amma a can ciki akwai wuraren da aka fiffige tantani, wani lokaci masu faɗin tafin hannu, kuma suna buƙatar makonni kafin su rufe. Kwanciya dindindin ita ma illa ce, domin tana jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da cushewar huhu. Abin da ake so shi ne tafiya kaɗan-kaɗan tun daga ranar farko, ana ƙarawa kullum, tare da barin aikin ƙarfi: ɗaukar jarkar ruwa, daka, wankin tsugunne, goyon yaro mai nauyi. Mai sallah da ruku'u da sujada ke ja mata ɗinki tana iya yi a zaune har ta samu sauƙi.

Wadda aka leƙa kawai ko aka ƙona ɗan tsiro takan koma aiki cikin mako guda. Wadda aka yi wa yanka sosai takan buƙaci mako biyu zuwa uku, idan kuma an yanke wani sashe na hanji ana maganar mako huɗu zuwa shida ko fiye. Tuƙi sai ta daina shan magani mai sa barci kuma za ta iya taka birki da ƙarfi ba tare da zafi ba. Saduwa da miji sai jini ya tsaya kuma jiki ya karɓa; in an yi ɗinki a can ƙurewar farji ta ciki, likita kan ce a jira kamar mako shida ko fiye.

Alamomin haɗari

Babbar matsala ba ta cika faruwa ba, amma haɗarin na ƙaruwa gwargwadon zurfin cutar. Wadda ta fi ɓoyuwa ita ce raunin hanji ko na bututun fitsari, musamman wanda ƙuna ta jawo, domin yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, bayan mace ta koma gida. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce bayan laparoskofi kowace rana ta fi jiyarta sauƙi. Idan ciwon ciki na ƙaruwa, ko ciki ya yi tauri ga amai da zazzaɓin da ya kai digiri 38, asibiti ake komawa nan take, a kuma faɗa musu aikin da aka yi. A wuraren da maleriya ta yi yawa akwai haɗarin a ɗora mata laifin wannan zazzaɓi a yi ta shan magani a gida har lokaci ya ƙure. Sauran alamomin sun haɗa da kumburi da zafi a sha-raɓa ɗaya, da sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, da kasa fitsari ko zafinsa, da jini mai yawa ko ruwa mai wari, da ɗinkin da ya yi ja yana fitar da mugunya.

Al'ada, dawowar cuta da haihuwa

Al'ada ta farko, wani lokaci har ta biyu da ta uku, takan zo da zafi da yawa fiye da yadda aka saba, abin da ke karya wa mata gwiwa su ɗauka aikin bai yi ba. Ba a yanke hukunci kan amfanin tiyatar sai bayan wata uku zuwa shida. Mafi yawa suna samun sauƙi, wasu kuwa ciwon ba ya tafiya, ko don an bar wani tsiro, ko don irin tsokar ta kutsa cikin naman mahaifar kanta, ko don tsokokin ƙasan mara sun saba ɗaurewa, ko jijiyoyi sun riga sun koyi jin zafi. Irin waɗannan sun fi amfana da atisaye da tausar tsokar mara a hannun ƙwararru da asibitin kula da ciwo a kan a yi ta maimaita tiyata, domin kowace sabuwar tiyata tana iya barin nata mannewar.

Tiyata ba ta raba mace da cutar har abada. Wani nazari da aka yawaita ambato, wanda aka buga a 2009, ya ƙiyasta dawowarta da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara biyu, da kashi 40 zuwa 50 a shekara biyar. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar masana haihuwa ta Turai na 2022 suka ba da shawarar cewa wadda ba ta neman ciki nan kusa ta ci gaba da maganin homon, kamar ƙwayar tazarar haihuwa ko robar mahaifa mai sakin homon, na aƙalla wata 18 zuwa 24.

Mai neman haihuwa hanyarta daban, domin waɗannan magunguna hana ɗaukar ciki suke yi kuma ba sa ƙara damarsa bayan an daina. Wani gwaji da aka yi a Kanada a kan mata 341 masu cutar mataki na ɗaya da na biyu, aka buga a 1997, ya nuna kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka cire wa tsiron sun samu ciki cikin mako 36, a kan kusan kashi 18 na waɗanda aka leƙa kawai. Sai dai ɓare ƙullutu daga ma'ajiyar ƙwai yakan tafi da wani sashe na lafiyayyun ƙwayaye, lamarin ya fi muni idan an yi a ɓangarori biyu ko an maimaita. A zaman bibiya, wanda yawanci ake sawa cikin makonni shida na farko, likita kan duba sakamakon ɗakin gwaji, da lafiyar bututun ƙwai, da shekarun matar, da gwajin maniyyin miji, kafin a tsayar da tsawon lokacin da za a jira ciki ya zo da kansa ko a wuce zuwa dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a sa a mahaifa. Ana so mace ta karɓi rubutaccen rahoton aikin da hotunansa in akwai, ta adana, domin da su duk likitan da zai duba ta nan gaba zai san abin da aka cire da abin da aka bari.