Nisan tafiyar jirgin sama tsakanin Singafora da New York

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafora da filin John F. Kennedy na birnin New York akwai tazarar kimanin kilomita 15,350. Jirgin kamfanin Singapore Airlines kan yi wannan tafiya ba tare da yada zango ba, cikin sa'o'i 18 zuwa 19, kuma ita ce hanya mafi tsawo da jirgin fasinja ke bi a kai a kai a duniya.

Wannan adadi ba a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ake auna shi ba. Tun da duniya ƙwallo ce, gajeriyar hanya tsakanin wurare biyu ita ce wadda za a samu idan aka ja zare a kan ƙwallon daga wannan gari zuwa wancan, aka ɗaure shi tamau. Zaren da aka ja daga Singafora zuwa New York kusa da ƙuryar arewacin duniya yake ratsawa. A taswirar Mercator ta shekarar 1569, wadda har yanzu irinta aka fi sani, wannan hanya kan bayyana kamar baka, har mai kallo ya ɗauka jirgin zagaye yake yi. Taswirar ce ke kumbura ƙasashen arewa fiye da girmansu. 

Sai dai ba kasafai matuƙa ke bin wannan zare ba, saboda iska. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gudunta kan wuce kilomita 200 a sa'a. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Singafora yakan bi ta tekun Fasifik don iskar ta tura shi, na dawowa kuma sau da yawa ya ƙetare tekun Atlantika ya ratsa Turai, wato shi ma gabas ya nufa. Kilomitocin sun ƙaru, amma an rage lokaci da mai. Siyasa ma takan lanƙwasa hanya: bayan da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar jirgin Finnair, kamfanin ƙasar Finland, daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen sa'o'i 9 zuwa kusan 13.

Kamfanin Singapore Airlines ya fara zuwa yankin New York kai tsaye ne a 2004, ta filin Newark, da jirgin Airbus A340-500 mai injina huɗu. Tsadar mai ta sa aka dakatar a 2013. An dawo da hanyar a watan Oktoban 2018 da jirgin Airbus A350-900ULR mai injina biyu, wanda tankunansa ke ɗaukar lita 165,000. Kujerunsa 161 ne kacal, kuma babu sashen masu tikiti mafi araha a ciki, domin duk nauyin da aka rage a fasinja, mai ne ke cike gurbinsa. Ta filin Kennedy kuwa an fara ne a watan Nuwamban 2020.