Azumin Kwana 40 Ba Kuɗin Sayen Ceto Ba Ne

Bara a Billiri, bayan sujadar Laraba ta Toka, ranar da Kirista ke fara azumin kwana 40 kafin Ista, ake shafa musu toka a goshi, wata dattijuwa ta riƙe hannuna a ƙofar majami'a, tokar tana goshinta tukuna. Ta ce, "Ɗana, bana ciwon suga ya hana ni azumi. Anya Allah zai karɓe ni?" Maganar ta taɓa ni ƙwarai, domin da yawa daga cikinmu haka muka taso, muna ganin azumin nan kamar bashi ne da za a biya kafin Ista.

Ba haka Littafi Mai Tsarki ya koyar ba. A Afisawa 2:8-9, Bulus ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Azumin tunawa ne da kwana 40 da Yesu ya yi a jeji, horo ne na almajiri mai bin sawun Ubangijinsa.

Ko lissafin kwanakin ma yana nuna hakan. Daga Laraba ta Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne. Ana cire Lahadi 6, sai ya rage 40, saboda kowace Lahadi ranar murnar tashin Almasihu ce, ba a azumi a cikinta.

Na ce mata, "Mama, ki sha maganinki, ki ci abincinki a kan lokaci." A zafin bazarar nan ta riƙa dafa kunu tana kai wa wata gwauruwa maƙwabciyarta har Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu.